Makiyayan Kwamfuta da Ranar da Makulli Ya Faɗa Hannun Ɓarawo

A safiyar ranar Asabar, 3 ga watan Yuli na shekarar 2021, mutanen ƙasar Suwidin da suka fita cefane sun tarar da ƙofofin kantunan Coop a garƙame, an manna takarda ana ba su haƙuri. Coop kamfani ne na sayar da kayan abinci mai kantuna wajen 800 a faɗin ƙasar, kuma mafi yawansu ba su buɗe ba a wannan rana. Kaya na nan jibge, lantarki bai ɗauke ba, ma'aikata sun zo aiki, amma na'urorin karɓar kuɗi sun ƙi motsi tun daren Jumma'a. Abin mamaki shi ne, ɓarayin da suka haddasa wannan ɓarna ba su fasa kwamfutocin Coop kai tsaye ba. Wani kamfani ne mai suna Visma EssCom yake kula wa Coop da na'urorin nan, shi kuma yana yin aikinsa ne da wata manhaja da ya saya daga kamfanin Kaseya, wanda hedkwatarsa take birnin Mayami na ƙasar Amurka. Ta nan ɓarayin suka shigo. Wato dai an sari gindin itace a Amurka, reshe ya faɗo a kan mai cefane a Suwidin.

Su wane ne makiyayan kwamfuta?

Mai karatu ya san al'adar nan ta mutanen gari, inda mai saniya biyu ko uku ba ya barin sana'arsa ya shiga daji kiwo, sai ya damƙa su ga makiyayi, wanda zai haɗa su da shanun wasu mutane ya yi garke guda. To, haka abin yake a sha'anin kwamfuta a ƙasashen Turai da Amurka. Ƙaramin asibitin haƙori, da ofishin lauya, da makarantar firamare, da ofishin ƙaramar hukuma, kowannensu yana da kwamfutoci goma ko ashirin, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar injiniya ya zaunar da shi yana biyan sa albashi. Sai su ɗauki wani ƙaramin kamfani, sau da yawa mai ma'aikata ƙalilan, ya riƙa kula musu da na'urorin a kan kuɗin da aka yanke duk wata. A Turance ana taƙaita sunan irin waɗannan kamfanoni da haruffan MSP. Sunan da ya fi dacewa da su a Hausa shi ne makiyayan kwamfuta.

Makiyayin da ke da abokan ciniki hamsin a garuruwa daban-daban ba zai iya zagaya su kullum da ƙafa ba. Saboda haka yakan sayi manhajar sarrafa na'urori daga nesa, irin wadda Kaseya ke sayarwa da sunan VSA. Yadda take aiki kuwa shi ne, akwai wata uwar kwamfuta a hannun makiyayin, sa'an nan a cikin kowace kwamfuta ta abokan cinikinsa an dasa wata 'yar ƙaramar manhaja mai matsayin wakili. Duk umurnin da uwar ta aiko, wakilin zai zartar da shi ba tare da tambaya ba, kuma da cikakken iko a kan na'urar. Da wannan ne mutum ɗaya, yana zaune a ofishinsa, zai gyara kwamfutoci dubu a dare guda. Da wannan ne kuma wanda ya ƙwace uwar zai lalata dubun nan a cikin awa guda.

Darɓa ba ta neman izini

Tsofaffin manoman arewacin Nijeriya ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000. Ƙwayar bairos ɗin da ke kawo wannan cuta ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, ba ta iya ratsa fatar ganye da kanta. Darɓa ce ke ɗaukar ta: ta tsotsi ruwan shukar da ta kamu, ta tashi ta soka bakinta a cikin lafiyayya. A ilmin halittu, sanin ƙwayar cuta rabin aiki ne kawai; sauran rabin shi ne sanin mai dakonta.

A harin 2021, manhajar VSA ita ce ta zama darɓa. Ɓarayin, 'yan wata ƙungiya mai suna REvil da ke magana da harshen Rasha, sun gano wata kafa da ke ba mutum damar shiga uwar kwamfutar ba tare da kalmar sirri ba. Da suka shiga, sai suka aika wa wakilai umurni da sunan wai gyara ne na gaggawa daga Kaseya. Umurnin ya fara kashe manhajar rigakafi ta Windows, sa'an nan ya ajiye manhajar garkuwa, wato wadda ke sarƙafe duk bayanan da ke cikin kwamfuta ta yadda ba mai iya karanta su sai da makullin da ke hannun ɓarawon, shi kuwa ba zai bayar ba sai an biya kuɗin fansa. Akwai wani abu a nan da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya duba. Tun da farko Kaseya ta shawarci abokan cinikinta da su hana manhajojin rigakafi bincika jakar da wakilin ke aiki a ciki, don kada su riƙa kawo masa cikas. A cikin wannan jaka ɓarayin suka sauke kayansu. Amanar da aka ba mai gyara ita ce ta zama ƙofar ɓarawo.

Lokacin ma zaɓaɓɓe ne. An kai harin da ranar Jumma'a, 2 ga Yuli, ana shirin shiga hutun bikin 'yancin kan Amurka na 4 ga wata, sa'ad da ma'aikata da yawa sun riga sun kama hanyar gida. Kaseya ta ce abokan cinikinta da aka fasa kai tsaye ba su kai 60 ba, amma ta hannun waɗannan 'yan ƙalilan cutar ta isa ga ƙananan masana'antu da ofisoshi tsakanin 800 da 1,500, har da makarantu a ƙasar Niyu Zilan da ofisoshin wasu ƙananan garuruwa a jihar Merilan. Ɓarayin suka fito suka ce a ba su dala miliyan 70 su saki makulli ɗaya da zai buɗe wa kowa.

Ba yau masana suka fara jan kunne a kan irin wannan ba. A shekarar 2003 wani masanin tsaron kwamfuta mai suna Dan Geer, tare da abokan aikinsa, ya rubuta cewa dogaron duniya a kan manhajar kamfani ɗaya, wato Microsoft, daidai yake da shuka iri ɗaya tak a gonakin ƙasa baki ɗaya: cutar da ta iya kama ɗaya ta iya kama duka. Kamfanin da yake wa aiki, wanda ke hulɗar ciniki da Microsoft, ya sallame shi a daidai lokacin da rubutun ya fito.

Wa ya kawo gudunmawa?

A ranar da abin ya faru, Kaseya ta rufe nata na'urorin, ta kuma aika wa abokan cinikinta saƙon su kashe uwayen kwamfutocinsu nan take. Wannan mataki ya rage ɓarna ƙwarai, kuma adalci ne a faɗe shi. Sai dai makiyayin da wayarsa ke ta ƙara, likita na kira, lauya na kira, kowa na tambayar ina bayanansa, yana bukatar abin da ya wuce a ce masa ya kashe na'ura ya jira. Yana so ya san ta ina aka shiga, da alamar da zai gane ko an taɓa shi, da abin da zai fara yi kafin gari ya waye.

Amsoshin farko da yawa daga 'yan'uwansa na sana'a suka fito. Wani kamfanin tsaro mai suna Huntress, wanda yawancin cinikinsa da makiyayan kwamfuta ne, ya shiga tattara rahotanni daga waɗanda abin ya shafa yana bayyana su a fili, yana sabunta bayani dare da rana, ba tare da ya bambanta abokin cinikinsa da wanda ba nasa ba. Makiyayan da aka fasa suka riƙa miƙa masa kundin da na'urorinsu ke rubuta duk abin da ya gudana a cikinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin miƙa irin wannan kundi tamkar mutum ya buɗe wa baƙo ɗakin kwanansa ne a ranar da aka yi masa sata. Daga waɗannan kundaye aka haɗa hoton yadda harin ya gudana, har cikin 'yan kwanaki masu binciken suka iya maimaita shi a ɗakin gwaji. Ƙungiyar ma'aikatan fasaha ta CompTIA kuma ta ba da labarin cewa gommai daga cikin membobinta sun miƙa kansu don taimako, wasu ma a shirye suke su hau mota ko jirgi su je su kama aiki a ofishin wanda abin ya shafa. Bukatar hannuwa kuwa gaskiya ce, domin kwamfutar da aka kulle ba ta gyaruwa daga nesa. Sai mutum ya je gabanta, ya goge ta, ya mayar da bayanai daga kwafin ajiya idan akwai, ɗaya bayan ɗaya.

A can ƙasar Holan kuma akwai wata ƙungiyar 'yan sa kai mai suna DIVD, wadda aikinta shi ne neman kafofi a cikin manhajoji tana sanar da masu su. 'Yan wannan ƙungiya suka bi intanet suna lalubo duk wata uwar kwamfuta ta VSA da ke kunne, suna neman masu ita ta hannun hukumomin tsaron kwamfuta na ƙasashe. Bisa ƙidayarsu, cikin awa 48 adadin ya sauko daga sama da 2,200 zuwa ƙasa da 140.

Mai karatu zai iya tambaya: me zai sa mutum ya bar hutunsa ya je ya ɗaga abokin gasarsa, alhali faɗuwar wancan kasuwa ce gare shi? Masana halayyar dabbobi sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya. A shekarar 1984 Gerald Wilkinson ya bayyana abin da ya gani a ƙasar Kosta Rika game da jemagu masu shan jini. Jemagen da ya yi wajen awa 60 bai sha ba zai mutu, kuma ko gwanin cikinsu wani dare yakan dawo da ciki fayau. Sai wanda ya ƙoshi ya amayo masa kaɗan a baki. Bincike na baya ya nuna cewa wanda ya saba ciyar da wasu shi ya fi samun mai ciyar da shi. Abin da mai bayarwa ya rasa kaɗan ne, abin da mai karɓa ya samu kuwa rai ne, sa'an nan ba wanda ya san daren da zai zama nasa. Makiyayan kwamfuta a irin wannan hali suke. Wanda ya tsira a watan Yulin 2021 sau da yawa ba wayo ya fi ba, manhajar wani kamfani dabam ya saya, kuma ya san ita ma tana da nata kafofin. Kada dai a ja misalin ya wuce iyakarsa: mutum yana taimako don kunya da tausayi da neman suna, har da neman kasuwa, kuma Huntress ba ta yi asara ba da sunan da ta yi a makon nan.

Gyaɗa da baƙin da ke saiwarta

Dangantakar makiyayi da kamfanin da ke sayar masa da manhaja ita ce ta fi wuyar sha'ani, kuma a nan ma gona tana da abin koyarwa. Duk ɗalibin da ya tuge gyaɗa ko wake ya duba saiwar zai ga wasu ƙananan ƙullutai. A cikinsu akwai bakteriya da ake kira rizobiya, masu ɗaukar naitirojin daga iska su mayar da shi abincin da shuka ke iya amfani da shi. Ita kuma shukar tana ba su masauki da sukari. Littattafan makaranta sukan tsaya a nan, su ce zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Amma akwai tambayar da ta rage. Sarrafa naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi. Me zai hana wasu bakteriyan su ci sukari su ƙi aiki, su yi amfani da ƙarfin wajen hayayyafa?

A shekarar 2003 Toby Kiers da abokan aikinta suka gwada wannan a kan waken suya. Suka kewaye wasu ƙullutai da iskar da babu naitirojin a cikinta, wato suka tilasta wa bakteriyan da ke ciki zama marasa amfani. Sai shukar ta rage musu iskar oksijin, hayayyafarsu ta ragu da kusan rabi. Ashe zaman lafiyar da ake gani a saiwa yana da sanda a bayansa. Shukar tana iya gane ƙullutun da ba ya aiki, tana kuma iya hukunta shi.

To, ƙaramin makiyayi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Ba ya iya leƙa cikin manhajar da ya saya ya ga ko tana da kafa, domin sirrin ƙirarta na hannun mai ita. Ba ya kuma iya yin fushi ya tafi cikin sauƙi, domin sauya manhaja yana nufin cire wakili daga dubban kwamfutoci, da dasa sabo, da sake koyar da ma'aikata, ga kuma yarjejeniyar shekaru da ya sa wa hannu. A gaban abokan cinikinsa kuwa shi ne mai laifi. Likitan da aka kulle wa bayanan marasa lafiya bai taɓa jin sunan Kaseya ba. Mutumin da yake biya duk wata shi ya sani.

Abin da ya fito fili bayan harin ya nuna girman wannan rashin daidaito. Tun a watan Afrilu, wani mai bincike na DIVD mai suna Wietse Boonstra ya gano kafofi bakwai a cikin VSA, ƙungiyar ta sanar da Kaseya a asirce. Kamfanin ya toshe huɗu, yana kan aikin sauran ukun ɓarayi suka riga shi, kuma ɗaya daga cikin ukun nan suka bi. DIVD ta shaida cewa Kaseya ta ba da haɗin kai. Amma kusan wata uku makiyaya suna zaune a gidan da ƙofarsa ba ta kulluwa, ba su sani ba. Ƙungiyar ta kare shirun da ta yi da cewa ko da an ce kawai akwai matsala a VSA, ɓarayi za su ji kafin masu gida su shirya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi. Duk da haka, ba za a ga laifin makiyayin da ya ce da an raɗa masa ya janye na'urarsa daga idon intanet da ya yi ba. Wanda ya yanke shawarar yin shiru dabam, wanda ya ɗauki asarar dabam. Kafar labarai ta Bloomberg kuma ta ruwaito wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin suna cewa sun sha jan hankalin shugabanni game da raunin tsaro tsakanin 2017 da 2020.

Facin da zai toshe kafar ma bai zo a ranar da aka fara alkawari ba. Shugaban kamfanin na lokacin, Fred Voccola, ya fito ya ce shi ya ɗage ranar don a ƙara tsaro, kuma sai ranar Lahadi, 11 ga Yuli, aka sake shi. Kwana tara ke nan dubban makiyayan da ba a ma taɓa su ba suna aiki babu babban makaminsu.

A nan ne haɗin kan makiyaya yake da wani amfani na biyu, wanda ya fi na agajin gaggawa daɗewa. Abin da ɗaya ba ya iya gani, dubu suna iya gani idan suna gaya wa juna. Kamfanin da ba zai damu da tafiyar abokin ciniki ɗaya ba zai damu idan ɗari suka yi magana da murya guda. Binciken da Huntress da DIVD suka yi ya sa ba bakin Kaseya kaɗai ake saurare ba a kan abin da ya faru. Wato taron ya ba su ɗan abin da shukar wake take da shi tun fil azal, na gane mai aiki da wanda ba ya yi. Sandar hukunci kuwa har yanzu gajera ce, musamman da yake manyan kamfanonin suna ta haɗiye juna. A shekarar 2022 Kaseya ta sayi Datto, ɗaya daga cikin manyan abokan gasarta, a kan dala biliyan 6.2. Makiyayin da ya gudu daga wannan ya koma wancan sai ya wayi gari a gidan da ya baro.

Labarin makullin

A ranar 13 ga Yuli, kwana huɗu bayan Shugaba Biden ya yi magana da Shugaba Putin ta waya a kan hare-haren garkuwa da bayanai, shafukan REvil suka ɓace daga intanet. Waɗanda ke cikin cinikin fansa da ɓarayin suka rasa ma wanda za su biya. A ranar 22 ga wata Kaseya ta ba da sanarwar cewa ta sami makullin da ke buɗe wa kowa daga wani amintaccen da ba ta ambaci sunansa ba, daga baya kuma ta ce ba ta biya ko sisi ba. Rahotanni sun nuna cewa sai da aka nemi masu karɓar makullin su sa hannu a kan takardar alkawarin yin shiru, abin da bai yi wa mutanen da buɗe baki ya cece su daɗi ba.

A watan Satumba jaridar Washington Post ta bayyana cewa hukumar FBI ce ta samo makullin daga na'urorin ɓarayin, kuma ta riƙe shi kusan mako uku ba ta bayar ba, saboda tana shirin kai wa ƙungiyar farmaki, ba ta so su farga. Ɓacewar ƙungiyar ta sa farmakin bai yiwu a lokacin ba. Sa'ad da makullin ya iso, da yawa daga cikin waɗanda aka kulle sun riga sun sake gina na'urorinsu da hannu, kamar yadda Coop ta yi ta aika ma'aikata kanti-kanti har ta buɗe cikin kimanin mako guda.

A watan Oktoba na wannan shekara aka kama wani matashi ɗan ƙasar Yukiren mai suna Yaroslav Vasinskyi a ƙasar Polan, aka miƙa shi ga Amurka a 2022 bisa tuhumar hannu a hare-haren REvil, har da na Kaseya. A watan Mayu na 2024 wata kotu a jihar Tekzas ta ɗaure shi shekara 13 da wata 7, ta kuma umurce shi ya biya diyyar sama da dala miliyan 16.